Layi na Ɗari da Sha Bakwai

Litinin, 3 ga wata, 1:15 na rana

Kowa ya fita cin abinci, daga ni sai fanka a ɗakin gwaji. Malaminmu na jami'a yakan ce in matsala ta tsorata ka, rubuta ta kamar kana yi wa wanda bai san komai ba bayani. To bari in gwada.

A nan muna ƙera wata 'yar na'ura, girman tafin hannu, da ake maƙalawa jikin firjin allurar rigakafi a ƙananan asibitoci. Kowane minti biyar takan auna sanyin firjin ta rubuta. In yana tsakanin digiri biyu da takwas, fitilarta koriya ce. In firjin ya daɗe da zafi sai ta koma ja, kuma ko sanyi ya dawo ba ta barin jan sai an zo an duba. Amfaninta ke nan duka: ta tuna.

Da safe na jona kebul ɗin duba ciki a ɗaya daga cikin sababbin, don kawai ban taɓa ganin yadda take tashi ba. In an kunna ta, kanel, wato jigon manhajar da ke tafiyar da komai a ciki, yakan zubo bayani a allon kwamfuta, layi na bin layi da gudu. Layi 312 ne. Na tsayar na karanta duka. A layi na 117 ya ce ɗaki na huɗu na filash bai fara a kan iyakar bulo ba, saboda haka ya kulle shi: a karanta, ban da rubutu.

Filash shi ne ɗan baƙin guntun da ke riƙe bayani ko babu wuta. Mun raba shi ɗaki huɗu. A na huɗun ake ajiye awon sanyi.

Wata biyu da kwana uku da fara aikina. Ranar 31 gwajin da ake min zai cika, a ce in zauna ko in tafi.

Talata, 4 ga wata, 5:40 na yamma

Na duba sababbi goma sha biyu, duka suna da layin. Na duba tsofaffi biyar na bara, babu ko ɗaya.

Na kai wa Injiniya, shugaban ɗakinmu. Bai ma juyo da kujerarsa ba.

"Fitila tana kamawa?"

"Tana kamawa."

"Awo yana fitowa a fuskarta?"

"Yana fitowa."

"To sai me? Kanel tsoho ne mai mita. In kika biye masa ko ruwa ba za ki sha ba. Rabin abin da yake faɗa, tun ba a yaye ki ba yake faɗarsa."

Baba Soda, dattijon da ke haɗa mana allunan cikin na'urar, ya ɗago daga kan ƙarfensa na soda. "Farfesa ta kama ɓarawo! A layi na nawa ne, mu je mu taya ki duka?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Wataƙila mita ce kawai.

Laraba, 5 ga wata, 12:50 na rana

Ba mita ba ce.

Na'urar tana da ɗan batir da ke riƙe ta in an ɗauke wuta. Takardarsa ta ce awa goma, na auna awa tara da minti ashirin. Gwajin da muke yi kafin a fitar da kaya shi ne a zare filogi na minti goma a mayar. A minti goma batir bai ko yi gumi ba, don haka kowace na'ura tana cin gwajin.

Yau na jingina bakin awon da kofin shayina har fitila ta koma ja. Sai na cire batir na ƙirga biyar na mayar. Ta tashi koriya. Na buɗe tarihin awon, wayam. Tunda an kulle mata ɗakin ajiya, a ka take riƙe komai, in ta mutu kuma shi ke nan.

Na maimaita sau uku. Koriya, koriya, koriya.

Ke nan in an ɗauke wuta na awa uku za ta faɗi gaskiya. In an ɗauke na awa goma, ranar da maganin ya fi shan zafi, ranar za ta tashi ta ce lafiya lau.

Alhamis, 6 ga wata, 8:05 na safe

Guda sittin sun riga sun fita, asibiti ashirin da uku. Guda 140 suna kan kanta, ranar 20 za a kwashe su.

Juma'a, 7 ga wata, 4:30 na yamma

Na gano dalilin. Tsohon filash ya ƙare a kasuwa, aka kawo wani. Girmansu ɗaya, ƙafafunsu ɗaya. Amma shi filash ba a goge shi harafi-harafi, bulo-bulo ake gogewa, kuma dole kowane ɗaki ya fara daidai inda bulo ya fara, in ba haka ba garin share naka sai ka rushe na maƙwabci. Bulon tsohon kilobait 64 ne. Na sabon 256. Ɗaki na huɗu ya fara a 1,088. A raba da 64, sha bakwai cif. A raba da 256, huɗu da kwata. Kwatan nan ne.

Akwai takarda a shuɗin fayil, wadda aka kwatanta tsohon da sabon kafin a saya. A ƙasa an rubuta: "An duba, daidai suke." Ga kwanan wata, ga sa hannu. Wanda ya duba ya karanta shafi na ɗaya da na biyu na littafin filash ɗin. Girman bulo yana shafi na tara.

A satin farko mutum ko inda ake ajiye cokalin shayi bai sani ba.

Na mayar da fayil ɗin inda yake.

Asabar, 8 ga wata, 6:20 na yamma

Umma ta ce, "Auta, ke da abincin nan faɗa kuka yi?" Na ce kaina ne ke ciwo. Ta dafa goshina da bayan hannunta ta ce ƙarya nake.

Ina wanke-wanke na ji ta a waya da Gwaggo. "Ai duk na'urar da za ta fita sai Auta ta sa hannu. In ba ta sa ba, ko maigidan wurin bai isa ba." Ban taɓa gaya mata haka ba. Ita ta ƙara nata.

Yaya ya leƙo kicin ya ce, "Ranki ya daɗe, a sa mana hannu mu ma, rediyon motata ya yi shiru." Na watsa masa ruwa. Shekara ɗaya da wata huɗu na yi a gidan nan ina aika takardun neman aiki, shi yake kai ni duk inda aka kira. Bai taɓa cewa ya gaji ba.

Litinin, 10 ga wata, 1:05 na rana

Na matsar da farkon ɗakin zuwa 1,280, wato bulo biyar cif. Na ɗora a na'ura ɗaya. Layi na 117 ya ɓace. Kofin shayi, ja, cire batir, mayar. Ja. Sau biyar, ja.

Lamba ɗaya ce. Minti huɗu ake ɗauka a gyara kowace na'ura, amma sai an jona mata kebul da hannu. Daga nesa ba ya yiwuwa.

Talata, 11 ga wata, 8:15 na safe

Motar da nake hawa tana bi ta gaban ɗaya daga cikin asibitocin, na sha huɗu a jerinmu. Wata biyu ina wucewa ban taɓa kallonsa ba. Ashe Talata ce ranar allura. Mata a kan benci a ƙarƙashin rumfar kwano, kowace da goyo ko jariri a cinya, da kati a hannu. Na ƙirga goma sha tara kafin mota ta wuce.

Ɗauke wuta ba ya daɗewa a unguwar nan. Awa biyu, awa huɗu. Na tambayi mai shagon kusa da tasha, haka ya ce.

Laraba, 12 ga wata, 5:55 na yamma

Na zo ƙarfe bakwai saura, kafin kowa, na fara sauko da na kan kanta ina gyarawa. Ina kan ta goma sha ɗaya na ji an ajiye jaka a bayana. Baba Soda ne.

Ya jona ƙarfensa ya zauna tukuna.

"Farfesa, ɓarawon ne?"

Na ce eh. Na nuna masa da kofin shayi, a kan wadda ban gyara ba. Ya ga koriyar. Ya daɗe yana sosa gemu.

"Na kan kanta kin gyara a ɓoye. Na waje fa, aljanu za ki aika?"

"Baba, ba a cika yin awa tara ba wuta."

"Ke kika haifi wutar da za ki san halinta?"

Na jona wa ta gaba kebul.

"Sa hannun wa ke jikin takardar sayen filash ɗin?"

Na mayar da ido kan kwamfuta. Ya ce, "To. Na gane." Ya ɗauki allo ya fara aiki, can ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ni dai ba zan ari bakinki in ci miki albasa ba. Amma 'yata, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara ki shiga da ƙafarki da a aiko a kira ki."

Bai taɓa ce min 'yata ba.

Alhamis, 13 ga wata, 3:10 na rana

Na je ƙofar ofishin Maigida, mai kamfanin. Yana waya. Na tsaya minti shida. Da ya gama ya ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau, gaisuwa na zo. Ya ce madalla, Injiniya yana yabon aikina.

Juma'a, 14 ga wata, 5:00 na yamma

Na gama guda 140 ɗin. Ban faɗa ba.

Lahadi, 16 ga wata, 11:00 na safe

An yi ruwa da iska da asuba. Wuta ta tafi ƙarfe 6:40. Yaya ya dawo daga sayen burodi ya ce bishiya ce ta faɗo kan manyan wayoyi, rabin gari ba wuta. Za su gyara. Kullum suna gyarawa kafin azahar.

Lahadi, 2:30 na rana

Awa bakwai da minti hamsin.

Lahadi, 4:05 na yamma

Lokacin batir ya wuce.

Umma ta ce in tashi daga gaban agogo, ba ni na saya ba.

Litinin, 17 ga wata, 6:10 na yamma

Wuta ta dawo jiya 8:10, awa goma sha uku da rabi. Zan rubuta yau a jere.

Da mota ta zo gaban asibiti na sha huɗu na ce a tsaya. Ban shirya ba, bakina ne ya faɗa. Na sami Sista, mai kula da ɗakin allura, tana goge tebur. Na nuna mata katin aikina na ce ina so in ga firji.

"Ai na'urarku 'yar albarka ce," in ji ta. "Jiya janaretanmu ya ƙi tashi, hankalina bai kwanta ba, na zo da safe na tarar da ita koriya shar. Na ce alhamdulillahi, firjin ya riƙe."

Na danna tarihin awo. Ya fara daga 8:11 na jiya. Kafin nan babu komai, kamar jiya aka haife ta.

Na ce, "Sista, kada ki yi amfani da maganin nan gobe."

Ta ajiye tsumman. "Ƙanwata, ke wace ce a kamfanin?"

"Ba kowa ba."

"To ba kowa ba, kin san mata nawa ke zuwa gobe? Wata tun daga bayan gada take takowa da goyo."

Na yi mata bayani. Ta buɗe firjin ta nuna min: wasu kwalaben suna da ɗan tambari da ke yin duhu in sun sha zafi, waɗannan za ta iya dubawa da ido. Wasu ba su da shi. A kansu na'urarmu ce kaɗai shaida.

"In an yi wa yaro, zai cutu?" Na tambaya.

"Ba zai faɗi ba. Zai tafi gida da kati an cike, uwarsa tana ganin ta kare shi, alhali ruwa aka tsira masa." Ta dube ni sama da ƙasa. "Wane sakarai ne ya yi wannan aikin?"

Na ce, "Ni ce."

Wannan ne karo na farko da na faɗa, har a littafin nan.

Na isa aiki 9:25. Ban tsaya a ƙofa ba. Na ɗauki shuɗin fayil, da na'ura ɗaya ta ɗakin gwaji da na ajiye ban gyara ba, da kofin shayi, na shiga ofishin Maigida. Aka kira Injiniya. Na yi musu gwajin. Na buɗe takardar na nuna sa hannuna.

Maigida ya ce, "Yaushe kika sani?"

Nan ne wurin da ya fi wuya. Na ce, "Ranar 5 ga wata, yallaɓai."

"Yau sha bakwai."

"Eh."

Injiniya ya ce, "Ta dai nuna min wani layi." Maigida ya ce, "Ta nuna maka?" Daga nan aka ce in fita in rufe ƙofa. Abin da aka faɗa a ciki ban ji ba, ban kuma so in ji.

Talata, 18 ga wata, 4:45 na yamma

Tun jiya da rana muke waya, ni da Baba Soda, shi da jerin sama ni da na ƙasa. Asibiti 23. Bakwai ne suka wuce awa tara ba wuta ba janareta. Duka bakwai ɗin fitila koriya. Duka sun ware maganin gefe.

Da safe na zauna a ɗaya ɓangaren motar don kada in ga rumfar. Na gani duk da haka. Sista tana tsaye tana magana, mata suna ɗaure goyo suna tashi.

Injiniya bai amsa gaisuwata ba. An ƙara layi biyu a takardar gwaji, da rubutunsa: a jona kebul a karanta, a cire batir a mayar.

Alhamis, 20 ga wata, 6:30 na yamma

Ni da direba muna zagayawa da kwamfuta da kebul. Asibiti tara a kwana biyu, na'ura ashirin da huɗu.

Na ɗauka mun tsira. A asibiti na tara, ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan, can bayan gari, ma'aikacin jinyar ya ce, "Af, ai ranar 9 ma mun wuni ba wuta, wani mai tifa ne ya ture fal ɗin wuta. Da ta dawo muka ga koriya, muka ci gaba."

Ranar 9. Na sani tun ranar 5.

Ya buɗe rajista. Ranar Talata 11 an yi wa yara talatin da ɗaya allura daga firjin. Ranar da nake ƙirga mata ta tagar mota a wani asibitin, ina gaya wa kaina ɗauke wuta ba ya daɗewa.

Direba ya ce in sha ruwa. Na kwafe sunayen duka da lambobin waya.

Juma'a, 21 ga wata, 7:20 na safe

Na gaya wa Umma. Ta ajiye kofin shayinta. Sai ta ce, "Kuskuren ba komai ba ne, Auta, hannu ke yin sa. Kwana sha biyun nan ne ban san wa ya koya miki ba." Ta tashi ta ɗauko min lema ta ce da alamar hadari.

Litinin, 24 ga wata, 5:15 na yamma

Likitan yankin ya ce a sake yi wa yaran talatin da ɗaya. Asibitin ba su da mai zaman waya, na ce ni zan kira. Maigida ya ce in je, bai ɗago kai ba.

Na kira ashirin da shida sun ɗauka. Yawanci sukan ce to, Allah ya kai mu. Wani uba ya ce, "Wato ɗana kuka mayar allon gwaji?" Na ce a yi haƙuri. Ya ce haƙurin a wace cinya za a tsira shi. Ya kashe.

Biyar lambarsu ba ta shiga.

Laraba, 26 ga wata, 6:00 na yamma

Sittin ɗin duka an gyara. Kowace na karanta layukanta har ƙarshe.

Daga cikin biyar ɗin, Yaya ya kai ni muka sami uku ta hanyar tambaya gida-gida. Ɗaya ta zo da kanta, maƙwabciya ta gaya mata. Saura ɗaya. A rajista an rubuta "bayan injin niƙa". Injin niƙa huɗu ne a unguwar.

Litinin, 31 ga wata, 2:20 na rana

Maigida ya kira ni. Ba a tabbatar da ni ba, ba a kuma kore ni ba. An ƙara wata uku, kuma ba zan sa hannu a komai ni kaɗai ba. Ya ce, "Don shafi na tara ba zan hukunta ki ba, mu uku muka wuce shi. Sauran kuwa kin sani." Na ce na sani.

Baba Soda ya ce, "Farfesa an maimaita aji." Ya turo min rabin burodinsa.

Talata, 1 ga sabon wata, 1:40 na rana

Injin niƙa na uku ne. Uwar ta yi tafiya ne wurin 'yar'uwarta, jiya ta dawo. Da safe na je na taho da su asibiti na tara. Yaron watansa huɗu, mai kumatu, ya kama kebul ɗin da ya leƙo daga jakata yana son kai wa baki.

Ma'aikacin jinyar ya ciro kwalba daga firji. Kafin ya zuƙa na ce ya ba ni minti ɗaya, na danna tarihin awo. Kwana goma sha biyu a jere, babu giɓi, mafi zafi digiri shida. Na ce ya ci gaba.

Uwar tana kallona tun ɗazu. Ta ce, "Wai ke ce mai na'urar?"

"Ni ce."

"Ke kika sa za a huda min shi sau biyu?"

"Ni ce."

Ta kwance zanen goyon, ta ɗago shi ta dire min a cinya. Yana da nauyi, da ɗumi, yana ƙamshin sabulu.

"To riƙe shi," ta ce. "Riƙe ƙafar da kyau. Na farkon ni na ji kukan."

Na riƙe. Ya yi kuka minti biyu da 'yan daƙiƙai, a cikin kunnena na hagu. Talatin da ɗaya.